Oktaf-Mandolin: Yadda Sabon Hannu Zai Zaɓi Ƙunshin Haɗawa Na Farko

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe tsakanin masu sha'awar kiɗa, watau mutum ya haɗa abin kiɗansa da hannunsa maimakon ya nufi kanti ya sayi gamamme. Ba daji yake shiga ya saro itace ba. Akwai kamfanoni da ƙananan masassaƙa waɗanda sana'arsu ke nan su yanka katako, su gyara shi zuwa wani matsayi, su haɗa shi da ƙarafa da tsarkiya da takardar bayani, su zuba a kwali su aika wa mai bukata. Shi kuma sai ya ƙarasa sauran aikin a ɗakinsa, ya manna, ya goge, ya shafa mai, ya ɗaura tsarkiya. Wannan kwali da abin da ke cikinsa shi zan riƙa kira ƙunshi a cikin wannan maƙala.

Abin kiɗan da zan yi magana a kansa shi ne wanda ake kira oktaf-mandolin, tambayar da nake son amsawa kuwa ita ce: idan mutum bai taɓa haɗa abin kiɗa ba, wane irin ƙunshi ya kamata ya zaɓa? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin wanda ya ɗauki ƙunshin da ya fi ƙarfinsa yakan yi asarar kuɗinsa da watanni na wahala, daga ƙarshe ya tashi da wani kyakkyawan akwati wanda ba ya kaɗuwa, sai dai a rataye shi a bango a riƙa nuna wa baƙi. Yawancin sababbin hannu da ido suke zaɓe. Su dubi hoto, su ga katako mai zane kamar harshen wuta, su ga ado a gefe, shi ke nan ransu ya biya. Ni kuwa a ganina ma'aunin da ya kamata a riƙe daban ne. A cikin ayyukan haɗa wannan abin kiɗa akwai waɗanda in an kuskure ana iya komawa a gyara, akwai kuma waɗanda in an kuskure an kuskure ke nan. Ƙunshin da ya dace da mai koyo shi ne wanda ya ɗauke masa kashi na biyu, ya bar masa na farko ya koyi hannu da shi.

Tun da yake abin baƙo ne a gare mu, tilas in ari wasu sunaye daga kayan kiɗanmu. Akwatin da ke fitar da amo zan kira shi ƙoƙo, kamar na gurmi, ko da yake nasa katako ne ba duma ba. Allon sama, wanda ya tsaya a matsayin fatar da ake rufe ƙoƙon gurmi da ita, shi ne fuska. Ɗan katakon da tsarkiya ke hawa a kan fuska shi ne jaki. Ƙananan ƙarafan da aka gicciya a kan wuya, waɗanda yatsa ke danne tsarkiya a bayansu, su zan kira matakai. Gurmi da garaya da kuntigi ba su da irin waɗannan ƙarafa, makaɗi da kunnensa yake laluben sauti. A mandolin kuwa an riga an kafe wa kowane sauti wurinsa, saboda haka in an kafe shi a karkace babu gwanintar da za ta miƙe shi.

Asalinsa da Rikicin Sunansa

Mandolin ɗan asalin Italiya ne. Siffarsa da aka fi sani ta kafu a birnin Nafoli cikin ƙarni na 18, mai baya kamar rabin ƙwarya, da tsarkiya takwas da aka jera biyu-biyu, watau layi huɗu. Ana ɗaure layukan nan a kan sautukan da Turawa ke kira G, D, A da E, daidai da na gogensu, biyolin. Da ya ƙetara Amurka sai wani masassaƙi mai suna Orville Gibson, na garin Kalamazoo a jihar Mishigan, ya sake masa fasali. A 1898 ya sami takardar mallakar wata dabara ta sassaƙe ƙoƙon daga katako mai kauri, aka kuma kafa kamfani da sunansa a 1902. Tsakanin 1922 da 1924 Lloyd Loar ya fito wa kamfanin da samfurin da ake kira F-5, mai nannaɗe a kafaɗa, wanda daga baya Bill Monroe ya mai da shi tutar kiɗan bulugiras. Har yau yawancin masu mafarkin haɗa mandolin wannan siffar suke gani a mafarkinsu, kuma za mu ga abin da ya sa bai kamata su fara da ita ba.

Oktaf-mandolin yana ɗauke da sautukan nan huɗu, amma kowanne da murya mai zurfi. Ma'anar oktaf ita ce, idan tsarkiya ta rage yawan karkarwarta da rabi, kunne yakan ji sauti ɗaya ne da na farko, sai dai ya yi kauri, kamar yadda yaro da magidanci kan rera waƙa guda tare. Tsarkiyar G ta mandolin tana karkarwa sau 196 a daƙiƙa, ta oktaf-mandolin sau 98. Ta A sau 440 a can, sau 220 a nan.

Bunƙasarsa ta wannan zamani tana da nasaba da ƙasar Ailan. A tsakiyar shekarun 1960 Johnny Moynihan ya shigo da buzukin Girkawa cikin kiɗan gargajiyarsu, Andy Irvine da Dónal Lunny na ƙungiyar Planxty, wadda aka kafa a 1972, suka yaɗa shi. Masassaƙan Ingila da Ailan suka baje masa baya, suka sauya ɗaurinsa, har ya zama ɗan tagwayen oktaf-mandolin, bambancinsu bai wuce tsawon wuya ba da kuma cewa masu buzuki sukan sauke layin ƙarshe daga E zuwa D. Daɗin daɗawa, abin da Amurkawa ke kira oktaf-mandolin, a Birtaniya sau da yawa oktaf-mandola ake ce masa, alhali akwai wani ɗan gidan daban mai suna mandola, wanda ɗaurinsa C, G, D, A ne. Don haka sunan da aka rubuta a kan kwali ba abin dogaro ba ne. Lamba ake tambaya, watau tsawon tsarkiya.

Tsawon Tsarkiya

Abin da ake nufi da tsawon tsarkiya shi ne tazarar da ke tsakanin ɗan ƙashin da tsarkiya ke hawa a saman wuya da kuma jaki. Wannan yanki shi ne ke karkarwa. Na mandolin inci 13 da bakwai bisa takwas ne, kimanin milimita 352. Na oktaf-mandolin yawanci tsakanin inci 20 ne da 23, na buzukin Ailan kuma daga 24 zuwa 26. Wannan shi ne zaɓi na farko, kuma shi ne wanda ba a janyewa, domin da zarar an tsaga gurbin matakai a allon wuya magana ta ƙare.

Me ya sa inci biyu ko uku za su zama abin damuwa? Amsar tana cikin wata ƙa'ida da wani malamin Faransa, Marin Mersenne, ya bayyana a 1636. Sautin tsarkiya ya dogara ga abu uku: tsawonta, da ƙarfin ɗaurinta, da nauyinta. In ana son sauti ya sauka oktaf guda ba tare da an taɓa ɗauri ko nauyi ba, sai an ninka tsawo. Ninkin tsawon mandolin ya kai inci 27 da uku bisa huɗu, wanda ya wuce na jita ma, yatsun mutum ba za su iya bin waƙa a kansa da irin ɗaurin mandolin ba. Saboda haka sai aka rage tsawon, aka cike giɓin da kaurin tsarkiya. In muka yi lissafi bisa ƙa'idar Mersenne, za mu ga cewa a inci 22 tsarkiya tana bukatar nauyin da ya kai na mandolin sau ɗaya da rabi da ɗoriya kafin ta yi tauri daidai da shi, a inci 20 kuwa kusan ninki biyu. To, tsarkiya gajeriya mai kauri ba ta lanƙwasuwa da sauƙi, amonta yakan dushe da wuri, in an danne ta kuma sautin yakan ɗan haura inda ake so. In an ƙi ƙara mata kauri sai ta yi sako-sako tana dukan matakai. Tsarkiyar G, wadda ita ce muryar da aka sayi abin dominta, ita ce ke fara shan wannan wahala. Dogon wuya kuwa yana ba da amo garau mai daɗewa a kunne.

Amma fa dogon wuya da nasa haraji, kuma yatsu ne ke biya. Mai kaɗa mandolin ya saba ɗora manuniya a mataki na biyu, ƙaramin yatsa ya kai na bakwai ba tare da hannu ya gusa ba. A mandolin tazarar nan milimita 79 ce. A inci 20 ta zama 114, a inci 22 ta zama 125, a inci 23 ta kai 131. Mai karatu ya ɗauki rula ya buɗe yatsunsa a kai, zai gane abin da nake faɗa. Akwai ma gwajin da ya fi wannan. Jita mai tsawon inci 25 da rabi, in aka ɗaure tsarkiyoyinta a mataki na biyu, abin da ya rage inci 22.7 ne, a na uku 21.4, a na huɗu 20.2. Ke nan da jitar aro mutum zai iya ɗanɗana tsawo uku a yamma guda, kafin ya kashe ko kwabo.

Hukuncina a nan shi ne, wanda ke son ya riƙa fitar da waƙa sauti bayan sauti da sauri, ya tsaya wajen inci 20 ko 21. Wanda burinsa ya riƙa rakiyar mawaƙi da haɗaɗɗun sautuka, ya nemi 22 ko 23. Wanda bai san inda ya dosa ba tukuna, tsakanin 21 da 22 ba zai cuce shi ba.

Fuska: Shimfiɗaɗɗiya ko Sassaƙaƙƙiya

Zaɓi na biyu shi ne irin fuskar. Sassaƙaƙƙiyar fuska, irin ta Gibson, daga katako mai kaurin kusan inci guda ake fito da ita. A rarake ciki, a tsuke waje, har ta zama kamar bayan kunkuru, tsakiya da ɗan kauri, gefe kuma siriri, bambancin da ke tsakani bai wuce milimita biyu ba. Wannan aiki ne na awo da haƙuri, kuma kunne da yatsa ne ke gaya wa masassaƙi inda zai tsaya. In ya bar kauri, abin ya zama bebe. In ya zarce, fuska ta lotsa bayan 'yan watanni. Katakon da aka ƙanƙare kuwa ba ya komawa. Gaskiya ne akwai ƙunshin da injin mai kwamfuta ya riga ya sassaƙe fuskar, amma yawanci da gangan akan bar ta da ɗan kauri domin mai saye ya ƙarasa, shi kuwa sabon hannu bai taɓa jin yadda gamammiya take amsawa ba balle ya kwatanta.

Shimfiɗaɗɗiyar fuska allo ne mai kaurin kimanin milimita uku, wanda ake manna wa ƙananan sanduna daga ciki su tokare shi. Sunanta kawai shimfiɗaɗɗiya, amma masu hankali sukan ɗan lanƙwasa matokaran, ta yadda in an manna su fuskar za ta ɗan yi tozo kaɗan. Dalilin tozon nan lissafi ne. Jimlar ƙarfin da tsarkiya takwas ke ja da shi ya haura nauyin buhun siminti. A ɗauka kilo 80 ne, a kuma ɗauka tsarkiyoyin sun karya da digiri 12 a inda suka hau jaki, to nauyin da ke danne fuska ya kusa kilo 17, dare da rana, shekara da shekaru, a kan allon da bai kai kaurin murfin littafi mai kwali biyu ba. Fuskar da ba ta da tozo a hankali take nutsewa a ƙarƙashin jaki. Saboda haka wajibi ne mai saye ya tambaya ko matokaran ƙunshin a lanƙwashe suka zo, in kuma ba haka ba, ko takardar bayani ta faɗi yawan lanƙwasar.

Kada a ɗauka shimfiɗaɗɗiyar fuska ta gajiyayyu ce. Kamfanin Gibson da kansa ya fitar da irinta a 1918 a samfurin da ya kira Army-Navy, kuma mafi yawan buzukin Ailan haka fuskarsu take. Amonta a buɗe yake, mai daɗewa, ya dace da rakiyar waƙa. Sassaƙaƙƙiya tana da naushi, tana ratsa taron makaɗa. Ba a ce ɗaya ta fi ɗaya ba, amma ga aikin farko ban ga dalilin da zai sa a tsallake mai sauƙin ba. Haka nan siffar ƙoƙo: mai kama da ɗigon hawaye lanƙwasa ɗaya ce mai laushi a kowane gefe, nannaɗen F-5 kuwa ado ne mai cin makonni, wanda masu sana'ar da yawa ke ganin bai ƙara wa amo wani abin kirki ba. Akwai kuma mai ƙoƙon jita, irin wanda mawaƙiyar Amurka Sarah Jarosz ta shahara da shi. Yana da zurfin murya ƙwarai, sai dai ƙugunsa lanƙwasa ce mai tsanani, wadda in ba a riga an yi ta ba za ta ba mai koyo ciwon kai.

Me Aka Gama, Me Aka Bari?

Kalmar ƙunshi tana rufe abubuwa masu nisa da juna. Wani ƙunshin tarin katako ne kawai da zane. Wani kuwa an riga an rufe ƙoƙo, an gama wuya, abin da ya rage a manna biyun a shafa mai. Na farko ya yi wa mai koyo yawa, na biyu kuma ba ya koya masa kome sai shafe-shafe. Abin nema yana tsakani, kuma ayyuka uku ne nake ganin lalle a ce an ɗauke masa.

Na farko tsaga gurbin matakai. Wurin kowane mataki lissafi ne: a raba tsawon tsarkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan mataki na farko, a cire shi, a sake raba ragowar, haka har ƙarshe. Magabata da 18 suke rabawa, kamar yadda Vincenzo Galilei, mahaifin Galileo masanin taurari, ya ba da shawara a 1581. A inci 22 mataki na farko yana milimita 31.4 daga ƙashin wuya, na goma sha biyu kuma daidai rabin tsarkiya. Kuskuren milimita guda a wannan mataki na goma sha biyu yana kawar da sauti da kimanin kashi 6 cikin 100 na tazarar mataki ɗaya, kuma kunnen da ya saba yana kama shi. Yanzu a tuna za a yi wannan tsaga kusan sau ashirin, da zarto, kowacce a miƙe, kowacce zurfinta ɗaya. Inji ya fi hannu a nan, ba abin kunya ba ne a bar masa.

Na biyu lanƙwasa gefen ƙoƙo. Ana sirantar da katakon zuwa kimanin milimita biyu, a jiƙa shi, a goga shi a jikin bututun ƙarfe mai zafin da ya haura na tafasasshen ruwa, ana dannawa a hankali har ya miƙa wuya. Wanda bai saba ba ko dai ya ƙona ko ya karya, kuma abin takaici shi ne katakon nan mai zanen harshen wuta da ya ja hankalinsa a hoto shi ya fi saurin tsagewa, domin jijiyoyinsa a murɗe suke. In ƙunshin bai zo da gefe a lanƙwashe ba, to a tabbata ya zo da na gwaji.

Na uku, wanda ya fi duka, mahaɗar wuya da ƙoƙo. Wuya ba a miƙe yake shiga ba, yakan ɗan kwanta baya, kuma wannan 'yar kwanciya ita ke yanke tsawon jaki. Daga mahaɗa zuwa jaki akwai tazarar da ta kai milimita 200 ko fiye, saboda haka kuskuren digiri ɗaya tak yana ɗaga ko sauke tsarkiya da milimita uku zuwa huɗu a wurin jaki. In jaki ya yi tsawo, nauyin da ke kan fuska ya ƙaru. In ya yi gajarta, amo ya raunana. Mahaɗa iri biyu aka fi samu. Akwai ta gargajiya mai kama da wutsiyar kurciya, wadda ake fiƙewa a hankali har ta zauna daram sa'an nan a sa gam. Akwai kuma wadda ake ɗaurewa da kusoshi masu murɗi daga cikin ƙoƙo. Masu ra'ayin riƙau sukan raina ta biyu, amma manyan kamfanonin jita irin su Taylor da ita suke aiki, kuma ga mai koyo tana da wata falala da babu kamarta: in ya ɗaura tsarkiya ya ga kwanciyar ba ta yi ba, sai ya kwance, ya ɗan goge, ya mayar.

A ƙara da duba ko akwai sandar ƙarfe mai murɗawa a cikin wuya, wadda ake miƙe shi da ita in tsarkiya ta rinjaye shi. Gajeren wuyan mandolin yana iya haƙuri ba ita, dogon wuya kuwa ganganci ne. Sauran ayyuka, irin su fiƙe matokarai, da buga matakai a gurbinsu, da gyara siffar bayan wuya ta dace da tafin hannu, da tsaga ƙashin wuya, waɗannan a bar wa mai koyo. Nan ne ilmin yake, kuma in ya ɓata ƙashi ɗaya wani ba shi da tsada.

Katako

Sai yanzu muka zo ga abin da mutane ke farawa da shi. Fuska ita ce mai magana, don haka ita za a fi sa wa ido. Itacen da aka fi amfani da shi shi ne sufurus, musamman irin Sitka da ke fitowa a gaɓar tekun Fasifik daga Alaska zuwa arewacin Kalifoniya, saboda ba shi da nauyi amma yana da ƙarfi. Sida ya fi shi laushi da ɗumin amo, sai dai ko farce yana yi masa tabo. Sharaɗi biyu ne: fuskar ta zama tsantsar katako, ba falle-fallen da aka manna ba irin filawud ɗin kafintoci, sa'an nan layukan shekarun itacen su tsaya a tsaye in an dubi bakin allon. Baya da gefe kuwa ko mahogani ko walnat ko mapul marar zane duk sun wadatar, kuma mahogani ya fi biyayya ga wuƙa.

Akwai batun doka da ya kamata a sani. Yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa rozwud na Barazil a jerinta mafi tsanani tun 1992. A Janairun 2017 aka shigar da sauran danginsa a jeri na biyu, tare da madobiyarmu ta Afirka ta Yamma, wadda aka yi ta kwasa zuwa Sin. A ƙarshen 2019 aka sassauta wa gamammun kayan kiɗa da gamammun sassansu, ban da na Barazil ɗin. To, ƙunshi ba gamammen abin kiɗa ba ne, saboda haka wanda zai sa a ƙetaro masa da shi iyakar ƙasa ya tambayi mai sayarwa sunan kowane itace da takardunsa. Dangin maɗaci ma, waɗanda ake sayarwa da sunan mahoganin Afirka, sun shiga jeri na biyu a 2023.

Abokin gaba na ƙarshe shi ne iska. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗi yake yin haka ba a tsawo ba. Masu sana'ar sukan riƙe laimar ɗakin aikinsu tsakanin kashi 40 da 50 cikin 100. Fuskar da aka manna wa matokarai cikin laima, in ta shiga busasshiyar iska sai ta nemi tsukewa, matokarai su hana ta, ta tsage. Wadda aka manna cikin bushewa kuwa in ta sha laima tozonta ne kawai zai ɗan tashi. Wannan ya shafi duk wanda zai yi aikin a Kano ko Zariya, inda laima kan faɗi ƙasa da kashi 20 da hunturu, ta kuma hau sama ƙwarai a watan Agusta. Ya buɗe kwalin ya bar katakon ya sha iskar ɗaki mako biyu ko uku, kuma kada ya rufe ƙoƙo a tsakiyar damina.

Abin Da Ba Ya Cikin Kwali

Farashin da aka rubuta ba shi ne kuɗin aikin ba. Ana bukatar mamatsa katako masu yawa, da ƙananan magagarai na tsaga ƙashin wuya, da guduma mai laushin kai, da samfefa iri-iri, da gam, da man shafawa. Wani ƙunshin ma ba ya zuwa da makullan ɗaurin tsarkiya, ko kuwa ya zo da masu arha waɗanda ke sakin ɗauri, alhali tsarkiya biyu da ke layi ɗaya in suka saɓa ko kaɗan kowa zai ji. Game da gam, na fata, wanda ake narkawa a zafin digiri 60, yana da kyau domin zafi da laima na sake shi, amma yana daskarewa cikin kamar minti guda. Irin Titebond ya fi ba mai koyo sararin gyara zama. Shafe kuwa shalak ko mai sun fi sauƙi da aminci a ɗaki bisa ga fentin feshi, wanda ke kama wuta yana kuma cutar da huhu.

Takardar bayani ita ma a tambaye ta tun kafin ciniki. In babu zane mai cikakken girma wanda za a iya ɗora katako a kai, ƙunshin bai cika ba. Ƙunshin oktaf-mandolin bai kai na mandolin ko na jita yawa a kasuwa ba, ko a wurin manyan dillalan kayan sana'ar irin su StewMac na garin Athens a jihar Ohayo, don haka sau da yawa wurin ƙaramin masassaƙi ake samunsa, kuma yana da kyau a san ko zai amsa wasiƙa in aiki ya cije. Littafin Graham McDonald na ƙasar Ostareliya, The Bouzouki Book, a kan wannan dangin kayan kiɗa aka rubuta shi, ya cancanci a karanta kafin a zaɓi ƙunshin ma.

Abu guda ya rage, shi ne jaki. Akwai wanda ake mannewa a fuska kamar na jita, akwai wanda ke zaune kawai, nauyin tsarkiya ne ke riƙe shi, su kuma tsarkiyoyin an maƙale su a wani ƙarfe a gindin ƙoƙo. Mai koyo ya zaɓi na biyun. Ranar da ya fara ɗaura tsarkiya, zai auna daga ƙashin wuya zuwa mataki na goma sha biyu, ya ajiye jaki a daidai ninkin wannan, ya ƙara milimita biyu ko uku. Sa'an nan ya kaɗa tsarkiya a sake, ya danne ta a mataki na goma sha biyu ya sake kaɗawa. In sauti na biyu ya haura oktaf, ya tura jaki baya kaɗan, in ya gaza ya jawo shi gaba, kuma zai tarar gefen tsarkiya mai kauri ya fi son komawa baya, har jakin ya ɗan karkace. Tsakanin tsarkiya da wannan mataki a bar kimanin milimita biyu a gefen G, ɗaya da rabi a gefen E. Bayan mako biyu ko uku wuya da fuska za su ɗan motsa saboda sabon nauyin da suka ɗauka, sai a sake awon, a murɗa sandar wuya rubu'in juyi in da bukata, a dakata kwana guda kafin a ƙara.